Goɗiyar da Ba a Kai Kurmi Ba

Ana tsakiyar girbin alkama a shekarar 1863, lokacin yaƙin basasa tsakanin Kudu da Arewa, sojojin Kudu mahaya dawakai suka ƙetaro kogin Ohio suka faɗo Indiana. A wani ƙauye da ke kan hanyarsu, duk mai doki ya kora nasa cikin kurmi ya ɓoye, ban da Enos Stucker.

Goɗiya ɗaya gare su, Tansy, kuma ta matarsa Permelia ce, da ita ta zo daga gidan ubanta. Ita ke jan garma, ita ke jan amalanke. In babu ita, noman gidan ya tsaya.

"Enos, don girman Allah ka kai ta kurmi," in ji Permelia. "Har gurgu Hufford ya kai nasa."

"Bar su da tsoronsu. Ba su san abin da na sani ba."

Abin da ya sani kuwa bai taka kara ya karya ba. Wani baƙo mai zaƙin baki ne ya tara masu ƙin yaƙin a wata barga, ya rantsar da su, ya koya musu alama: ka taɓa bakin hularka da yatsu biyu, sannan ka shafa gemu. Wai sojan Kudu na ganin haka zai san ɗan'uwa ne, ko kazarka ba zai taɓa ba. Enos ya yi ta gwadawa gaban madubi, mutumin da ko ranar aurensa bai duba fuskarsa ba.

Da tsakar rana mahayan Kudu suka iso, a rame, kowa da bandir ɗin yadin sata ɗaure a sirdi. Enos ya tsaya a ƙofar shinge, ya taɓa hula, ya shafa gemu. Ya sake, ya kuma sakewa.

"Tsoho, ƙuda ne ke damunka?" in ji sajansu.

"Ni naku ne."

"Kun ji, samari? Namu ne! Tun safe muke kokawa da maƙiya kan doki, ashe ga masoyi nan. To ɗan'uwa, ɗaura mata sirdi da hannunka, lada ya cika."

Kuma ya ɗaura. Permelia ta riƙe ragama har sai da aka ɓamɓare yatsunta. Suka bar musu wani doki da suka gama cinye ƙarfinsa, gadon bayansa duk gyambo.

Permelia ta ja dokin zuwa barga. Ta wanke gyambon da ruwan gishiri, ta shafa kitse, ta jiƙa masa dusa. Washegari dokin ya ɗaga kai ya ci. Ta ce a ranta in ya warke, ko dammunan alkama ya kwaso mata kafin ruwa ya sauko.

Sai ga mahayan Arewa, sojojinsu na gida, sun biyo sawun maharan. Hafsansu ya ga dokin, ya ce na abokan gaba ne, ya zama na gwamnati.

"Yallaɓai, musayar goɗiyata ce da suka ƙwace!" in ji Permelia.

"Ƙwace?" Hufford ne ya leƙo ta kan shinge, maƙwabcin da ta yi jinyar matarsa bara. "Ba ƙwace aka yi ba, yallaɓai. Mijinta ya ce shi nasu ne, shi ya ɗaura sirdin. Da idona na gani."

Hafsan ya dubi Enos sama da ƙasa. "Wanda ya yi kyauta ba ya neman diyya," ya ce, suka ja dokin suka wuce.

Hadari ya fara haɗuwa ta yamma, alkama na zube a gona. Permelia ta shiga barga, ta ciro kayan jan amalanke daga ƙusa, har da gashin Tansy a jikin fatar. Ta fito ta jefa su gaban mijinta.

"Sunkuya, Enos," ta ce. "Ni zan tura amalanken ta baya."