Daƙiƙa Goma Sha Huɗu na Noelene

Shekara goma sha tara na yi ina koyar da sababbin ma'aikata a ofishinmu na Dandenong, inda muke rubuta manhajar da ke kunna waƙa da rediyo da bidiyo a allon mota. Duk wanda aka ɗauka sai ya zauna a gabana wata uku. Abu biyu nake fara koya wa kowa. Na farko, duk abin da ka saka a manhaja ka rubuta inda ka samo shi. Na biyu, in za ka cire abu ka cire shi tas, kada ka bar wa na bayanka ɓurɓushi.

A cikin manhajar akwai shafin da direba bai san da shi ba, na makanikai ne. In ka danne maɓalli biyu tare ka ƙirga biyar, sai wata mata ta yi magana ta sifikokin motar ɗaya bayan ɗaya: "Gaba hagu. Gaba dama. Baya hagu. Baya dama." Da haka makanike ke gane inda waya ta tsinke. Matar ita ce Noelene Furlong, mai gwajin sauti a wurinmu. Ranar da ake neman murya aka ce ta shiga ɗakin ɗauka ta faɗa, mu lallaɓa da tata kafin a ɗauko ƙwararriya. Mijinta Des ya zo ɗaukarta, ya manna hanci a gilashi yana yi mata gwalo. Tana faɗin "baya dama" dariya ta kuɓuce mata, ta ce, "Kai, Des!" Muka ce za mu yanke wurin. Ba wanda ya yanke, ba a kuma ɗauko ƙwararriyar ba. Daƙiƙa goma sha huɗu ne duka, haka suka shiga motocin da ba mu san adadinsu ba.

Bayan shekara shida ciwon daji ya kama maƙogwaronta. Aikin da aka yi mata ya tafi da muryar, ta yi shekara biyar tana rubuta mana tsiya a ƙaramin allo kafin ta rasu. Noelene ba ta yarda a ɗauke ta a waya tun tana lafiya. Don haka Des ya sayi a-kori-kura mai manhajarmu, ko da yake ba ya son launinta. Kullum da safe kafin ya ja mota sai ya danne maɓallan nan. Na sani, don na sha ganinsa yana yi in ya zo ɗaukata mu je kamun kifi a Frankston.

Sai kamfani ya ce zai rufe ofishinmu, aikin ya koma hannun wasu injiniyoyi a ƙasar waje. Aka turo shugabarsu, Luong Anh Thu, in koya mata komai a wata uku. Ban taɓa samun ɗaliba kamarta ba. Sau ɗaya ake faɗa mata abu.

Muka zauna muna bin fayilolin sauti ɗaya bayan ɗaya, ina rubuta asalin kowanne da takardar izininsa. Da muka zo kan na Noelene na tsaya. Ba ta taɓa sa hannu a komai ba, wa zai nemi takarda kan abin da aka yi don a lallaɓa? Da na rubuta "namu ne" da ba wanda zai waiwaya. Amma ɗalibata na kallon hannuna. Na rubuta: babu takardar izini.

"Malam, wace ce wannan mai dariya?" in ji Anh Thu.

"Abokiyar aikinmu ce. Ta rasu."

"Ayya. To mijinta ya sa hannu mana, shi ke nan."

"Zan yi masa magana," na ce.

Na kuwa saka shi a jerin abin da zan gama kafin mu tashi. Abu sittin ne, na Des ya faɗo na arba'in da ɗaya. Ni kuma ba na tsallake layi. Ina kan na talatin da takwas wata Juma'a katina ya daina buɗe ƙofa, aka ce an matso da ranar rufe ofis da mako biyu. Aka ba mu fai, wato gashin fulawa mai nama a ciki, da kofi mai tambarin kamfani. Na tafi gida da takardar izinin da Des zai sa wa hannu a aljihu, ina cewa sai hankalina ya kwanta.

Bayan wata huɗu, ranar Asabar da hantsi ina yanka ciyawa, Des ya tsaya a ƙofar gidana bai kashe injin motarsa ba.

"Farfesa Stavros! Ajiye wannan, zo ka ji aikin yaranka."

"Lafiya, mutumina? Ba sai gobe ne kifin ba?"

"Shigo dai."

Na shiga. Ya danne maɓallan da manyan yatsunsa. Wata murya mai santsi, wadda ba ta da numfashi, ta ce, "Gaba hagu. Gaba dama." Ta gama huɗun tsaf ta yi shiru.

"Jiya na tashi na ga allo ya ce an sabunta, wai an inganta," in ji Des. "Wace ce wannan? Ko ta injin wanki ta fi ta rai. Ina matata?"

Na faɗa masa komai, har lambar arba'in da ɗaya. Bai ɗaga murya ba.

"Sa hannu kawai? Stav, sau nawa muka zauna a kwale-kwale ɗaya tun lokacin? Da ka miƙo min ko takardar naɗe kifi ce da na sa."

"Ba ka ɗauka a wayarka ba?"

"Wa ke ɗaukar abin da yake ji kullum? Kai ka ce min abin da ke cikin allon nan ba ya gogewa."

A gabansa na kira Anh Thu. Ta ɗauka da murna, tana tambayar ciwon gwiwata. Na faɗa mata zancen.

"Malam, na jira ka wata biyu. Na aika saƙo adireshinka na ofis, ya dawo. Lauyoyi suka ce duk abin da ba shi da takarda a fitar."

"Tsohon rumbun fayiloli fa? Ko kwafin ajiya?"

"Na bi su duka, har rumbun gwaji. Ba inda na bari." Muryarta ta yi ƙasa. "Ka yi haƙuri, Malam. Yadda ka nuna min na yi."

Na ce ba laifinta ba ne, kuma gaskiya na faɗa.

Asabar uku muka yi muna zaga wuraren da ake fasa matattun motoci, ko za mu dace da wadda ta mutu kafin sabuntawa. Allo shi ake fara kwancewa. Mun sami guda biyar a kan teburin masu sayarwa, amma allon da ya bar motarsa ba ya buɗewa, don maganin ɓarayi. Darasi ne da nake koyarwa a mako na bakwai.

A hanyar dawowa ta ƙarshe Des ya tsaya ya saya mana kifi da soyayyen dankali, muka ci a mota rediyo a kashe.

"Yarinyar nan," ya ce, "kai ka koya mata duka?"

"Ni ne."

Ya goge hannu a wando, ya tayar da mota ba tare da ya taɓa allon ba.

"Ka iya koyarwa, Farfesa," ya ce.