Haƙorin da Ya Shiga Janareta

Ni ba da mita nake gano ciwon janareta ba. Da haƙori nake yi. Kunnena ya mutu tun ina aiki a injin casar shinkafa, yanzu sai an yi ihu nake jin magana. Inji kuwa ba ya ihu sai ya gama lalacewa. Don haka nakan ɗora tsinin sukundireba a jikin ƙarfe, in ciji ƙotar. Abin da ke ciki ya biyo ƙarfe, ya shiga haƙori, ya hau kai. Boris, wato ƙwallayen da ƙarfe ke juyawa a kansu, in yana ciwo kukan sauro yake yi. Noti in ya kwance, rawar ɗari. Wayar da wuta ke tsallakewa a cikinta tana da wani tsami, kamar an tauna ɗanyar tsamiya.

Aikin yana cin haƙora. Injin ban ruwa na Ringim ya ci na gaba. Wani na Aujara ya kwashe turame. Saura ɗaya, a sama, gefen dama. Da shi nake kankarar goro. In ya tafi, ba goro, ba sana'a.

Ran nan da hantsi Alhaji Arziƙa ya aiko mota. Shi ne mai ɗakin sanyi a bayan kasuwar Dutse. Ina sa takalmi, matata Kubura ta tsaya a bakin zaure.

"Malam, ka bar haƙorin nan a gida!"

"Yaya zan bar shi? A jikina yake."

"To ka je ka duba da ido, kamar mutane."

Na shige mota. Ido fenti kawai yake gani.

Na tarar da janaretan yana aiki, ƙato, ya kusa kai ɗaki. Injin lafiya lau, hayaƙinsa fes. Kan da ke ba da wuta shi ne mai rigima. Fitila ta yi haske, ta yi ja, ta sake haske. Injin sanyi ya tashi, ya faɗi. Wutar gari kuwa an ɗauke tun jiya.

Wata dattijuwa na zaune a kan bokiti a ƙofar ɗakin. Ya Fanna ce, mai fataucin kifi daga Haɗeja. Tarwaɗarta ce cike da ɗakin, ƙanƙara ta fara zama ruwa tana fitowa ta ƙarƙashin ƙofa. Kuliyoyin unguwa sun jeru a kan katanga.

Ta dube ni, ta ɗaga murya. "Alhaji, wannan ne mai gyaran? Ai shi ma gyara yake nema."

"Ki yi haƙuri, Ya Fanna. Baba Mammadu ne," in ji Alhaji.

"Ina kayan aikinsa?"

Na buɗe baki na nuna mata.

"Innalillahi," in ji ta. "Kifina ya rataya a kan wannan?"

Na fara da wajen da kan ya haɗu da inji. Na ciji. Babu komai. Na koma tsakiya, wajen kwayil, inda aka nannaɗe waya. Ɗumi daidai, ba ƙauri. Na zagaya baya, inda ramukan shan iska suke. Nan na ji tsamin, can nesa. Haƙorin ya motsa. Na saki.

"Me ka ji, Baba?" Alhaji ya yi ihu a kunnena.

"Boris ƙalau. Ciwon na wuta ne. Ban san wurin ba tukuna."

"To ƙara cizo mana!" in ji Ya Fanna. "Ko sai mage ta yi bismilla?"

Na dubi ruwan da ke bin ƙasa. Ya fara ƙarni. Na taɓa haƙorin da harshe, yana lilo. Ban taɓa barin inji da ciwonsa ba. Na sunkuya daidai ramukan, na ciji da gaske.

Tsamin ya hau har ido. Sai bakina ya zama fili. Iska ta ja haƙorin ciki.

Kowa ya yi tsalle baya. Ni ban ji ƙarar da injin ya yi ba, amma na ga kuliyoyi sun watse.

"Kashe! Kashe!" Alhaji ya ruga ya murɗe makulli. "Baba, me ka jefa mini a inji?"

"Ba jefawa na yi ba. Ya shiga ya duba."

"Wa?"

"Haƙorin. Daga waje bai gani sosai ba."

Na kwance murfin baya, na haska. Ga shi can a maƙale jikin farantin da ke juyawa, ya tsage biyu. Kusa da shi wata waya ta kwance daga notinta, bakinta ya yi baƙi. Tana taɓawa tana saki, shi ya sa wuta ke zuwa tana komawa.

"Ga ta nan. Ya nuna."

Ya Fanna ta leƙa. "Wallahi a kanta ya tsaya. Allah ya jiƙansa."

Na yanke bakin wayar, na kankare, na ɗaure tam. Aka tayar. Fitila ta tsaya cak. Injin sanyi ya kama, bai faɗi ba. Ya Fanna ta shiga ta danna cikin wata tarwaɗa, ta fito ta ce da sauran rai.

Amma ni ba na barin aiki sai na saurare shi bayan gyara. Na ciji ƙotar da dasashi. Kamar cin tuwo. Na duba bakunan da ke wurin. Na Ya Fanna bai fi nawa ba. Alhaji na murmushi, haƙorin Makka yana walƙiya.

"Alhaji, buɗe."

"Ni? Haba Baba, da girmana?"

"Buɗe masa!" in ji Ya Fanna. "In kifin nan ya ruɓe, a gadonka zan juye shi."

Ya cire hula, ya durƙusa da babbar riga, ya ciji sukundireba. Na kama kunnuwansa biyu, na manna goshina a ƙeyarsa. Motsin ƙarfe ya biyo zinariya, ya ratsa kansa, ya shigo nawa. Inji na tafiya sumul.

"Yaya?" in ji Ya Fanna.

"Janareta ya warke. Akwai wani noti da ke kaɗawa, amma ba a cikin inji yake ba."

Alhaji ya yi gurnani yana son magana.

"Kar ka saki," na ce. "Ban gama ba."