Askin Kofin Seu Arno

Tun da zuciyar Seu Arno ta fara yi masa gardama, likita ya yanke masa giyar inabi kofi ɗaya tak a rana. Arno kuwa ba ya rasa dabara. Ya zaɓi mafi girma cikin kofunan ƙarau da matarsa Dona Irmgard ta gada wurin uwarta, ya ce ai likita bai faɗi girman kofi ba.

Ran nan garin wanke shi ya buga bakin kofin da famfo, ya yi giɓi. Irmgard kuwa tana yafe komai banda taɓa kayan uwarta. Ya cusa kofin a aljihun kwat, ya ce mata zai je aski, ya zarce shagon abokinsa Egon mai gyaran ƙarau.

Giɓin ƙarau ba ya cikuwa. Sai dai a goge bakin gaba ɗaya a kan dutse har ya daidaita, kofi ya ɗan gajarta.

"Mutumina, ka goge kaɗan, kada ta gane," in ji Arno. "Kada kuma ka cuce ni a rabona."

Egon ya ƙyasta kofin da farce, ya saurari ƙararsa, ya tuntsire da dariya. "Wannan ai ɗan gida ne. Duk shekara in ka tafi kamun kifi matarka takan kawo shi."

"Ita ma fasa shi take yi?"

"Ina! Lafiyarsa ƙalau take kawo shi. Cewa take in rage masa tsawo, kaurin ƙwayar masara."

Arno ya tuna yadda take cika masa kofin har baki, tana cewa ita ba ta iya rowa ba, shi kuma yana zuba godiya. Haushi ya turnuƙe shi. Can ya tuna bara likita ya yaba da zuciyarsa, sai haushin ya koma kunya, har da ɗan daɗi.

"Goge," ya ce. "Ka kama bakinka kuma."

Lokacin abincin rana Irmgard ta cika masa kofin fal kamar kullum. Ta dubi sumarsa da almakashi bai taɓa ba, ta dubi kofin.

"Tsoho, askin ya yi kyau," ta ce. "Ka hutar da ni zuwa wurin Egon bana."