Kunkuru Ba Ta Haɗa Ido da Tudu

Jiya Malama Tasalla ta yi wani mafarki, kuma ba da dare ba. Da rana tsaka ta yi shi, a kan bencin garejin Mati bakanike, mayafi a fuska, jaka a ƙarƙashin kai. Mace mai jikoki huɗu, tsohuwar shugabar makaranta, wadda ɗalibi bai taɓa gyangyaɗi a gabanta ya sha ba! To, barci ɓarawo ne, ba ya tambayar muƙami.

Abin da ya kai ta garejin, Kunkuru ce: tsohuwar Bitil ruwan ƙwai, mai inji a baya, wadda mahaifinta Baba Nomau ya saya tun yana malamin gona. Yanzu Baba ya haura tamanin. Ido ya tafi, tunani ma yana zuwa yana komawa, ba ya gane muryar kowa. Abu ɗaya ya rage masa. Duk Juma'a in ya ji fat-fat-fat ɗin Kunkuru tana hawo tudun ƙauyensu, sai ya gyara hula ya ce, "Ga Uwata nan," don Tasalla sunan mahaifiyarsa ta ci. Ranar kuwa zai ci abinci daga hannunta har ya nemi ƙari.

Juma'ar da ta wuce Kunkuru ta mace a tsakiyar hawan. Tasalla ta ƙarasa da ƙafa, ta durƙusa ta gaishe shi. Ya ce, "Wace ce?" Ta faɗa masa. Ya ce, "Uwata da mota take zuwa," ya juya fuska bango. Wallahi ta sha kuka a hanyar dawowa.

Mati kuwa magana biyu ya ajiye mata. "Malama, ko a sauke injin nan a ɗora mata ɗan Kwatano, ta haye tudun kamar akuya, amma kukanta zai canja, ke kanki ba za ki gane ta ba. Ko kuma in wanke kafireta, in sa mata sababbin fulogi da zobba, in saita wuta. Kukanta yana nan yadda Baba ya san shi, sai dai ban yi miki alkawarin tudu ba."

Gaba kura, baya sayaki. Ta ce bari ta ɗan zauna ta yi tunani. Tunanin ke nan.

Ta ga kanta a garejin dai, sai dai motoci ne zaune a kan benci, mutane kuma an jera su a rana an ɗaga musu riguna ana leƙa ciki. Inuwar darbejiya tana sama, bishiyar tana ƙasa tana shan iska. Wata agwagwa cikin kayan aiki duk baƙin mai ta fito daga ƙarƙashin wani alhaji, ta ce batirinsa ne ya yi sanyi, a tura shi. Aka tura shi, ya tashi, ya tafi yana godiya.

Kunkuru tana zaune kusa da Tasalla, ta ɗora taya ɗaya kan ɗaya, tana tari.

"Sannu, Malama. Ke aka kawo ko ni?"

"Ke aka kawo."

"Haka kowa yake cewa," in ji Kunkuru.

Sai ga su a kasuwa, inda ake auna injuna da mudu. Wani sabon inji ya taso daga kan tabarma, sanye da babbar riga, yana ƙamshin turare, ya gaisa da kowa cikin raɗa. Ya ce daga ƙetaren teku ya zo, bai taɓa tari ba a rayuwarsa. Ya nemi ruwa. Kunkuru, wadda tun da aka ƙera ta iska kaɗai ke sanyaya ta, ta dube shi sheƙeƙe ta ce ita ba ta taɓa roƙon kowa ruwa ba. Ya shanye randa guda, ya tattare rigarsa, ya shige bayanta ya zauna.

Tafiya kuwa ba a magana. Tasalla ta taka totur ranar Juma'a, suka isa ranar Alhamis. A hanya ta wuce kanta tana ɗaura ɗankwali a ƙofar gida, har ta ɗaga wa kanta hannu. Tudun bai ma san an hau shi ba. Ko kaza ba ta kauce ba, don babu wanda ya ji zuwansu.

Baba Nomau yana zaune a zaure kan buzunsa, kwanon tuwo a rufe gabansa, kunnensa yana kan hanya.

"Baba, na zo."

"Wace ce?"

Ta buɗe baki za ta ce Uwarka ce, sai muryar mai karanta labarai ta fito, tana bayanin farashin takin zamani. Ta sake gwadawa, muryar ta koma hasashen yanayi. Baba ya saurara cikin ladabi har aka gama, sannan ya ce a rage rediyon nan, yana jiran baƙuwa. Tuwon ya tashi da kansa ya koma madafa. A cikin mafarkin ma Tasalla ta ji zafin abin har ƙahon zuciya.

Sai ga ta a wani ofishi, an rubuta a ƙofa: Sashen Hawa da Gangara. Wani rago mai tabarau yana bayan tebur yana cin fayil, ya ajiye na gaggawa a gefe don ya ci da la'asar. Sabon injin ya tafi neman ruwa bai dawo ba. Tsohon injin Kunkuru yana goye a bayan Tasalla da zane, da ɗuminsa, yana fat-fat a hankali kamar mai shirin barci.

"Ranka ya daɗe, ƙara na kawo," in ji ta. "Tudun garinmu ya hana motata hawa."

"Tudun ya riga ki," in ji ragon. Ya zaro wata takarda daga bakinsa ya karanta abin da ya rage. "Ya ce shekara ashirin kina zuwa masa gaba da gaba, fitilu biyu a buɗe, kina kallon tsabar idonsa."

"To, da yaya zan zo masa?"

Ragon ya sauke tabarau. "Malama, a gidanku ba a koya kunya ba? Tudu surukin mota ne. Wa kika taɓa gani ya haɗa ido da surukinsa?"

"Ni ban san da wannan auren ba."

"Ba a gayyace ki ba, kina ƙarama." Ya buga hatimi da kofato, ya cinye hatimin. "Na gaba!"

Na gaban ita ce dai, amma tana 'yar shekara bakwai.

Tana tsugune a ɗan ramin nan na bayan kujerar Kunkuru, inda ɗumin inji yake ratso ƙafa, wurin da ita da ƙannenta suke faɗa a kansa. Buhun irin shuka guda biyu a kujera, kaji uku a ɗaure. Ruwan sama yana tashi daga gonaki yana komawa gajimare, manoma suna yi masa rakiya. Baba ne a sitiyari, gemunsa baƙi wuluk, idanunsa garau. Da suka iso gindin tudun bai tunkare shi ba. Sai ya juya motar ta ba tudun baya, ya sa ribas, ya ɗora hannu kan kujera, ya waiwayo.

Kunkuru ta fara hawa da baya, sannu a hankali, fat, fat, fat. Kuma tun daga gindin tudun har samansa, fuskar Baba tana wajen Tasalla. Ita duk a zatonta ita yake kallo. Ta yi masa gwalo, ya yi mata. Ta washe masa giɓinta.

"Uwata, kauce da kanki in ga hanya."

"Baba, ba ni kake kallo ba?"

"Ke nake kallo mana. Hanyar ce take leƙowa ta bayanki."

Tudun ya sunkuyar da kai, ya ce a sauka lafiya, a gaida mutan gida. Injin, da yake shi ne a gaba yanzu, shi ya fara isa ƙofar zaure, ya yi gyaran murya zai yi sallama.

Ƙwal! Sifana ta faɗi a kan siminti.

Tasalla ta zabura, mayafi ya zame. Mati ne tsaye yana ba da haƙuri, hannunsa duk maiƙo. Motoci suna rana, mutane suna inuwa, darbejiya ta koma cikin hankalinta. Ta zauna tana goge bakinta. Ragon ƙarya ne, agwagwar ma ƙarya ce. Amma hannun nan a kan kujera, da fuskar nan da ta waiwayo, wannan ba mafarki ba ne. Haka Baba yake hawan tudun duk ranar da mota ta yi nauyi, ita ce ta manta shekara hamsin.

"Mati, tsakaninka da Allah, ribas ta fi giya ta ɗaya ƙarfi?"

Ya sosa ƙeya da gindin sukundireba. "A irin waɗannan tsofaffin, ta ɗan fi, Malama. Kaɗan dai. In na gyara ta yadda ya kamata, kuma ba ki cika mata kaya ba, to... wa ya gaya miki?"

"Wani babban ma'aikaci."

Ta tashi ta kakkaɓe zane, ta je ta dafa bayan Kunkuru, inda rana ta gasa shi har ya yi ɗumi.

"Bar mata injinta. Da tsohuwar zuma ake magani. Wanke abin da za ka wanke, saita abin da za ka saita, amma kada ka taɓa mata murya."

"In kuma ta sake macewa a hawan fa?"

"Sai in sauko in sake. Sannu ba ta hana zuwa." Ta rataya jaka, ta yi murmushi irin wanda rabonta da shi tun Juma'a. "Ka dai goge mini gilashin baya ya fita tas. Jibi da baya za mu je wa Baba, ita za ta riga ni yin sallama."