Ƙarfen da Jiki Ya Ɓoye

Tsohon mai walda ba ya yarda da abin da bai gani da idonsa ba. Amma abu ɗaya ya riƙe: ƙarfe shi ne ƙarfin komai.

Matarsa tana kwance a asibiti. Ciwon ƙafa ya ruruce, ƙwayoyin cuta suka shiga jininta. Likita ya sa mata allurai, ya kuma hana ta maganin ƙarin jinin da ta saba sha. Tsohon ya dubi tafin hannunta, fari fat kamar takarda. Ya ce a ransa wannan ganganci ne. Ya sayo kwalbar maganin ƙarin jinin a kemis, ya ɓoye a aljihun riga. In ma'aikaciyar jinya ta juya baya, sai ya ɗura mata cokali guda.

Zazzaɓin ya ƙi sauka.

Autarsu, wadda ke aiki a ɗakin gwaje-gwajen asibitin, ita ta kama shi da cokali a hannu.

"Baba! Me kake ba ta?"

"Abin da ya dace. Ƙarfe ne a ciki, an faɗa mini."

"Shi ya sa aka hana."

"Ke za ki koya mini ƙarfe? Da shi na ciyar da ke."

Auta ta ja kujerar roba ta zauna.

"Baba, ƙwayar cutar nan ma ƙarfe take nema. Ba ta hayayyafa sai da shi. Jiki ya san haka. Da ta shigo, sai ya kwashe ƙarfensa ya damƙa wa wasu sinadaran jini da ake kira furotin, su rungume shi gam. Ita kuma tana da 'yan ƙugiyoyi a bayanta. Ta manne wa furotin ɗin, ta yi ta fizga. Kokawar da ake yi ke nan a jikin Mama."

Tsohon ya sake duban tafin hannun matarsa.

"Wato farin nan na hannunta..."

"Wani ɓangarensa ɓoyo ne. Jiki ke sa wa baƙuwar yunwa da gangan. In ta warke, ni da kaina zan ba ta maganin."

Matar ta buɗe ido daga kan gado.

"Malam, ashe ɓarayi kake ta yi wa tuwo a cikina."

"Ke dai yi shiru, marar lafiya ba ta da baki."

Tsohon ya san wannan dabarar ta ɓoye ƙarfe. Shi ma ba ya barin rodi a waje in unguwa ta lalace. Ciki yake jan komai ya datse ƙofa.

Ya miƙe, ya gyara hula.

"Ina ofishin likitan?"

"Bari, Baba, ni zan gaya masa."

"Hannuna ya ba ta. Bakina zai faɗa. Don ya san abin da ke cikinta, ya san yadda zai gyara."

Ya fita baranda, kansa a sama, yana tambayar ƙofa.