Ranar da Na Kai Gwaggo Masaƙa

Ni na zaɓo shi, ba zan ɗora wa kowa ba. Doguwa, aminiyar Gwaggo, ta ce a bari ta kira ɗan maƙwabcinta da ya san wurin ciki da bai, na ce a'a, wannan ba tafiyar ɗan maƙwabci ba ce, ƙwararren ɗan jagora za a ɗauka. A waya na samo shi, da hotonsa cikin kwat, yana kiran kansa Farfesa.

Gwaggo ce ta riƙe ni tun ina shekara huɗu. Shekara ashirin da biyu ta yi a tsaye gaban injin saƙa, da wannan tsayuwar na yi karatu har na gama jami'a. Masaƙar ta daɗe da rufewa, an mai da ita gidan tarihi. Sai labari ya zo cewa ƙarshen wata za a kwashe injinan, zauren ya koma ɗakin taro. Gwaggo ba ta taɓa roƙona komai ba, amma ranar ta ce, "Mai Digiri, ki kai ni in ga injina kafin su ɗauke shi."

Mu huɗu ne: ni, ita, Doguwa, da Baba Makanike wanda ya yi musu gyaran injina tun suna 'yan mata.

Da Farfesa ya tambaye ni a waya su wane ne baƙin, na ce tsofaffin ma'aikata ne, sun yi ritaya.

"Mutanen ofis ke nan," ya ce.

"Kusan haka," na ce.

Ban kuma gaya masa cewa ƙarar injina ta cinye musu kunne ba. Dukansu uku da ido suke ji. Sai sun ga leɓenka suke sanin abin da ka ce.

Ƙarfe tara muka yi da shi, ya zo sha ɗaya. Ya zana mana tsarinsa: tsohuwar gada, hasumiyar agogo, wani shagon kayan tsaraba, sannan masaƙa. Na ce a fara da masaƙar.

"Malama, ai nama a ƙarshe ake cinsa. Ki bar min aikina."

Na bar masa. Ya ɗaga naɗaɗɗiyar lema sama, ya shige gaba, yana zuba bayani ga iskar da ke gabansa.

Doguwa ta taɓo ni. "Mai Digiri, da wa yake magana? Da gadar?"

"Ƙeyarsa dai akwai ilimi," in ji Baba Makanike. "Tun ɗazu ita nake saurara."

Ban yi dariya ba. Kalma ɗaya ce za ta gyara komai, in ce masa ya riƙa juyowa. Amma zai tambayi dalili, dalilin kuma zai kai mu inda na kauce. Sai na zama bakinsa. Ina tafiya da baya-baya a gabansu, ina maimaita abin da ya faɗa, ina gyara masa shirme a hanya. Ya ce gadar ta shekara ɗari huɗu, ga shekarar da aka gina ta nan a sassaƙe jikin ginshiƙi, ba ta kai ɗari ba. Na haɗiye. Sau biyu na yi tuntuɓe, takalmina ya saɓule min fatar dunduniya, ban nuna ba. Ni da na tsaya gaban malamai biyar na kare bincikena ba tare da muryata ta yi rawa ba, rana ɗaya ba za ta kayar da ni ba. Haka nake gaya wa kaina.

Shagon na abokinsa ne. Sa'a guda muka yi a ciki, yana shan lemo a bayan kanta. Gwaggo ta zauna a kan matakala ta cire takalmi, ƙafafunta sun kumbura.

"Ƙarfe nawa?" ta ce.

"Akwai lokaci, Gwaggo. Mutumin ya san aikinsa."

Ta dubi Doguwa, leɓɓansu suka motsa babu sauti, irin maganar da suke yi daga wannan layin injina zuwa wancan. Ban taɓa koyonta ba. Ina ƙarama, in Gwaggo ta zo makarantarmu ta yi min ita daga bakin ƙofa, kawar da kai nake yi.

Huɗu saura minti goma muka shiga harabar masaƙar. Gwaggo ta manta da ƙafa, ta nufi hagu kai tsaye. Farfesa ya tare ta da lemarsa.

"Mama, nan ake farawa. Kada a ɓace min."

Ya tsayar da mu gaban wani ƙaton hoto na mata cikin ɗankwali da rigar aiki. Rana ta haske masa ido, sai ya juya wa ranar baya. Karon farko ke nan a yinin da ya fuskance su.

"Waɗannan da kuke gani," ya ce, "ba su yi makaranta ba. Aikin ba ya buƙatar kai, hannu kawai. Tsayuwa ce daga safe zuwa yamma, kamar turke. Kowa ma aka ɗauko daga titi zai iya."

Babu abin da zan gyara. Sun riga sun karanta. Baba Makanike ya cire hularsa, ya duba cikinta, ya mayar.

"Kai yaro," in ji Doguwa, "ka taɓa ƙulla zaren da ya tsinke inji yana gudu?"

Ya yi dariya. "Haba Mama, ni da ku duk ɗaya ne, 'yan biro ne. Ai 'yarku ta gaya min ku mutanen ofis ne."

Gwaggo ba ta dube shi ba, ni ta duba. Ba harara ba ce, da harara ce da na ji sauƙi. Kallon da take yi wa yadi ne in tana neman inda zare ya kuɓuce.

Na ture lemar da hannuna na ce mu tafi. Muka tarar da ƙofar zauren da kwado. Mai gadi ya ce ƙarfe huɗu ake rufewa, mai makullin ya tafi ba a fi minti biyar ba. Na yi masa Turanci, na yi masa doka, na nemi lambar shugabansu. Ya bar ni na gama, ya ce, "'Yata, ko minista ce ke, makulli ba ya aljihuna." Da na waiwaya, Farfesa ya yi nisa, waya a kunne. Gwaggo ta ɗora tafin hannunta a kan ƙofar na ɗan lokaci, sannan ta ce a je gida.

Ban haƙura ba. Sau huɗu na koma ofishin gidan tarihin a makon nan. Na zauna a benci, an ce in dawo gobe, na dawo. Na rubuta wasiƙa, suka ɓatar, na sake rubutawa. Ana saura kwana biyu a kwashe injinan suka ba ni takardar izini. Na kawo wa Gwaggo, tana tsintar shinkafa a tire. Na durƙusa inda za ta ga bakina sosai na karanta mata.

"Kin yi ƙoƙari," ta ce. "Amma ƙafafuna sun je sun dawo. Ke ki je, tunda ke aka rubuta wa."

Na roƙe ta har ta ɗauki tirenta ta shige ɗaki.

Na je ni kaɗai. Mai makullin ya kunna fitilu layi bayan layi. Injina sun fi ɗari, duk iri ɗaya, ƙura ta kwanta a kansu, kowanne da lamba a ɗan ƙarfe. A gaban kowanne siminti ya lotsa wuri biyu, daidai inda ƙafafu suke tsayawa. Na ciro waya zan kira ta, na tuna Gwaggo ba ta ji a waya.

Mutumin ya biyo ni da tsumma a hannu. "An ce gwaggonki a nan ta yi aiki. Faɗa min lambar in goge miki shi ki ɗauki hoto. Wanne ne nata?"

Na dubi layin farko, na dubi na ƙarshe.

"Ban taɓa tambayarta ba," na ce.