Hukuncin Audi

A Tamawa ta ƙasar Kurfi, daminar shekarar da aka samu 'yancin kai, dattawa uku ke kula da samarin gayya: Malam Jibo, Rabo da Mahmuda. Ba wanda ya naɗa su, su suka ɗora wa kansu. Sun yi alkawari ba mai saɓa wa ɗan'uwansa a gaban yara.

Ran nan ana noma, wani saurayi Hudu ya riƙa kwaikwayon i'inar Audi, ɗan Saudatu mai takaba, samari na dariya. Audi ya juya ƙotar fartanya ya fasa mishi goshi.

Dattawan suka zauna gindin tsamiya. Mahmuda ya ce a yi wa Audi bulala a wuce wurin. Rabo ya ce duka ba ya gyara ƙato, a daina yi mishi magana har kaka.

"Gaba ba kyau tsakanin Musulmi," in ji Malam Jibo. "Kuma tsokanarshi aka yi."

"Malam, in muka ƙyale wanda ya zub da jini, gobe lauje za a ɗauka," in ji Rabo.

Mahmuda ya koma bayan Rabo. Malam Jibo ya bi su saboda alkawari, kuma shi aka sa ya sanar wa samari.

Samarin suka ƙara nasu. In Audi ya zo dandali sai a watse. Da zagayen gayya ya zo kan gonar Saudatu, ba wanda ya fito. Audi ya yi ta fama shi kaɗai, ciyawa ta fi ƙarfinshi, geron ya yi ja.

Wata safiya ya tari Malam Jibo a hanyar rijiya, ya durƙusa. Da ƙyar ya fitar da kalmar, "Baba." Malam ya hangi samari biyu na kallo, ya kawar da kai ya wuce.

Ranar kasuwar Dutsin-Ma Audi ya bi motar hatsi zuwa kudu. Bai yi wa kowa sallama ba.

Da kaka Malam Jibo ya kai wa Saudatu damin gero. Ta tsaya bakin zaure, ba ta karɓa ba.

"Malam, Audi ya ce mini kai ne za ka amsa mishi."

Ya ajiye damin jikin danga ya tafi. Har Saudatu ta rasu ba a ji labarin Audi ba.